Shekarar da Na Zama Yayar Mai Zare

Wannan babin ba don mutanen gari na rubuta shi ba. Don ku na rubuta, ku da na haifa da waɗanda kuka haifa min. Abin da ya tayar da maganar kuwa, kwanakin baya ina zaune a tsakar gida ina wanke gorunan zoɓo, amaryar autana Habibu ta zo ta durƙusa za ta taya ni. Ta ɗauki gora ɗaya, ta jujjuya jan zaren da ke wuyanta, ta yi murmushi ta ce:

"Umma, ashe ke ma kin iya ɗaurin Inna Sa'a?"

Ke ma. A cikin gidana, a kan tabarmata, da zaren da na saya da kuɗina. Yarinya ce, abin da ta ji a gari ta faɗa. Amma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na ce to, tunda har maganar ta shigo min ɗaki, gara in zauna in rubuta yadda aka yi tun idona yana gani.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Kakanku, Babanmu, yana da ɗan shago a bakin tashar Gumel lokacin da muke yara. Ba firji a lokacin, randa ce aka binne rabinta a jiƙaƙƙen rairayi ake tsoma lemo a ciki ya yi sanyi. Duk lemon a kwalba yake, kuma kwalba ba ta mai saye ba ce. In za ka sha a nan, ka sha ka ajiye. In za ka tafi da ita gida, ka bar kuɗin kwalba, ran da ka dawo da ita a mayar maka da abinka. Ni ce mai jera kwalaben da aka dawo da su a cikin kiret, don haka na san abin da nake faɗa: duk faɗin tashar nan ba za ka ga kwalba ɗaya a yashe ba. Wa zai yar da kuɗinsa? Ko maye ya kama mutum, kwalbarsa tana hammatarsa. A lokacin nan Sa'a, ƙanwata, wadda kuke kira Inna Sa'a, tana goye a bayan Iyarmu, ko haƙori ba ta yi ba. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani nan gaba.

Aure ya kawo ni Maigatari, daga baya ita ma Sa'a aure ya kawo ta, unguwarmu ɗaya. Da mahaifinku ya rasu, Allah ya ji ƙansa, na fita takaba na tarar da ku a gabana kuna jiran abinci, sai na kama zoɓo. Ranar Alhamis in kasuwar dabbobi ta cika, in fitar da kulata ta sanyaya abin sha in zauna a bakin hanyar kara, inda ake cinikin shanu. Fulani, direbobin tirela, mutanen Damagaram da suka tsallako, kowa ƙishi yake ji. Zamanin kwalba ya riga ya wuce, sai gorar roba, irin wadda aka sha ruwa ko lemo aka yar. Buhu-buhu muke sayensu wajen masu tsinta, mu wanke da ruwan zafi da omo, mu ɗura. Mai saye ya sha ya wurgar a inda ya tsaya, mu kuma wani makon mu sake sayen wani buhun. Ni na jawo Sa'a cikin sana'ar, na ba ta tsohuwar kulata, na ce ta riƙa yin kunun aya don kada mu yi karo.

Sai shekarar da nake son ba ku labari ta zo. Damina ta yi ƙarfi, wata ranar Juma'a aka wuni ana ruwa. Lambatun da ya bi ta ƙofar gidanmu ya toshe, ruwa ya rasa hanya ya dawo ya kwanta a gindin katangata, kafin la'asar katangar ta zube, har da ɗakin awaki. Washegari maza suka fito da shebur suna yashe lambatun. Abin da suke fitarwa ba ƙasa ba ce, goruna ne, a murɗe, a cushe cikin juna, kuma rabinsu cikinsu ja ne da zoɓo. Maƙwabcinmu Malam Idi, mutumin da bai taɓa ganin abu ya yi shiru ba, ya ɗago shebur cike ya nufo ni ina tsaye a inda katangata take jiya, ya ce:

"Hajiya Dije, ga kayanki sun dawo gida. Ashe su ma sun san hanya."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi, amma kunya ta hana ni fita kwana biyu. A cikin kwana biyun nan ne shagon Baba ya faɗo min a rai. Na ce me ya hana kwalba kwana a tasha? Ba tsabta ba ce, ba wa'azi ba ne, ɗan abin da mutum ya bari ne a hannun mai shago. To me zai hana gora ita ma a bar mata nata? Matsala ɗaya ce. Kwalbar lemo tana da tambarinta, gora kuwa duk iri ɗaya ce. In na ce duk wanda ya kawo gora zan ba shi kuɗi, bolar garin nan kaf za a kwaso min. Ina wannan tunani idona ya faɗa kan ragowar jan zaren da mahaifinku yake ɗinkin hula da shi, yana nan a cikin gwangwani tun rasuwarsa ban taɓa ba. Na ɗauko na gwada a wuyan gora, ƙarƙashin zoben murfi. Na zagaya sau biyu, na soke bakin ta ƙasa, na ƙulle, na ɗan ƙona bakin da ashana ya dunƙule. Na ja da ƙarfi bai kwance ba.

Alhamis ta zagayo na fita da gorunana kowace da jan zarenta, na ƙara naira goma a kan kuɗin zoɓo, na ce duk wanda ya dawo da gora ya karɓi gomarsa. Ranar na sha baƙar magana. Wani ya ce tsohuwa ta koyi haraji. Wani ya ajiye ya tafi wajen wata. Sa'a tana gefena da kununta, tana dariya har da riƙe ciki, ta ce:

"Yaya, ke kam kin iya jawo wa kanki magana. Wa zai baro cinikin shanu ya dawo don naira goma?"

Wallahi haka ta faɗa, da bakinta, kuma Laraba mai fura tana wurin, tana nan da ranta ku tambaye ta.

Amma sun dawo. Wanda bai dawo da kansa ba, wani ya tsinta ya kawo. 'Yan dako suka gane, tsofaffin mata masu tsintar kashin shanu suka gane, gora mai jan zare ba ta ƙara minti nawa a ƙasa. Wasu suka so yi min wayo, suka samo jan zare suka ɗaura wa gorunan bola, ni kuwa ko ido rufe na san ƙullina. Akwai wani direba, mutumin Damagaram, da ya tafi da gorata har can, wata Alhamis ɗin ya ciro ta daga ƙarƙashin kujerar mota yana dariya, ya ce gorata ta tsallaka iyaka sau biyu ba wanda ya tambaye ta takarda. Kafin wata biyu na daina sayen buhun goruna sai jefi-jefi. Da Sa'a ta ga haka sai ga ta da sassafe, ba dariya, ta zauna a gabana ta ce in koya mata. Na kama yatsunta na koya mata, sau nawa tana ɓatawa ina kwancewa. Na ce ta ɗauki kore. Laraba ta ɗauki rawaya, wasu suka ɗauki shuɗi da baƙi. Ni na kawo shawarar kowa ta karɓi gorar kowa, ranar Juma'a da hantsi a haɗu a tsakar gidana a yi musaya, kowa ta tafi da launinta. Ba zan yi muku ƙarya in ce gari ya zama madubi ba, ledar ruwa tana nan tana yawo har yau, don ita ba mai ɗaura mata zare. Amma hanyar kara da lungunmu, goruna suka ɓace. Damina ta sake zuwa, lambatu ya wuce da ruwansa, sabuwar katangata ko gezau.

To ga ranar. Wata jami'ar duba-gari ta lura da abin, ta kai labari sama. Sai aka aiko cewa baƙi za su zo daga Dutse, mutanen wata ƙungiya mai kula da tsabtar gari, har da ɗan gidan rediyo, a tara mata masu zare a ƙofar mai unguwa. Muka ci ado muka je. Aka shimfiɗa mana tabarmi a gefe, maza a kan benci, cikinsu har da wan mahaifinku, Baffa Sale, wanda tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Bayan gaisuwa, wata 'yar gayu mai farin gilashi daga cikin baƙin ta dube mu ta ce:

"Iyayenmu, a cikinku wace ce ta fara wannan dabara?"

Duk matan suka juyo suka dube ni. Ku da kuka taso yanzu za ku ce to Umma me ya hana ki ki ce ni ce? Ba haka aka rene mu ba. Mace da girmanta, a gaban mai unguwa, a gaban wan mijinta, ta buɗe baki ta yabi kanta? Akwai yadda ake yi. Babba ya tura wa ƙarami, ƙarami ya ce a'a ya mayar, babba ya ce haba, jama'a su sa baki su tabbatar, sannan babba ya karɓa kansa a sunkuye. Haka na ga Iyarmu da ƙanwarta suna yi da cinyar ragon layya duk shekara, cinyar ta je ta dawo ta je ta dawo, kowa kuma ya san a kwanon wa za ta kwana. Don haka na sunkuyar da kai na ce:

"Ai ga Sa'a nan, ita ce mai ƙoƙarin."

Ina nan ina jiran abina ya dawo. Har na shirya "haba" ɗin da zan ce. Sai na ji ƙanwata ta gyara murya, ta gyara mayafi, ta ce:

"To, alhamdu lillahi. Gaskiya abin ya samo asali ne tun daga shagon Babanmu a Gumel."

Ɗan rediyo ya matsa da abin ɗaukar maganarsa. Ina zaune ina ji, Sa'a ta ba da labarin randa da rairayi, da kiret, da yadda ba a ganin kwalba a tasha. Yarinyar da take goye tana tsotsar yatsa! Duk a bakina ta ji. Ta ba da labarin lambatu, ta ce "katangarmu". Ta ɗauki gora ta nuna ƙullin, yatsun nan da na kama na lanƙwasa, aka ɗauke ta hoto. Laraba ta zungure ni da gwiwar hannu, na yi kamar ban ji ba. Me zan ce? In tashi in ƙaryata kaina, ni da na nuna ta da bakina? Sauran matan kuwa tunda suka ga na bayar, suka ɗauka da gaske nake. Muna tashi Baffa Sale ya ce min:

"Dije, Allah ya yi wa ƙanwarki albarka. Ki riƙa koyi da ita."

Na ce amin.

Bayan mako ɗaya muryarta ta fito a rediyo, har mutanen Sule Tankarkar da Gagarawa suna aiko a zo a koya musu. Aka kai ta Dutse a mota mai sanyi ta kwana a masauki. Ta dawo da firiza mai aiki da hasken rana, sabuwa dal da ledarta, aka sauke a ƙofar gidanta unguwa ta fito kallo. Musayar Juma'a ta tashi daga tsakar gidana ta koma nata, wai ya fi fili. Suna ya bi ta, Sa'a Mai Zare. Ba zan ɓoye muku ba, kishi na yi, kishi mai hana barci. Ba firizar ce ta dame ni ba, ko da yake ita ma ta dame ni. In na wuce ƙofar gidanta na ji ƙugin abin nan, sai in ji kamar da ni yake. Kullum da safe kuma sai ta aiko min da ƙanƙara kyauta, wai in sanyaya zoɓona. Da sayar min ta yi da ya fi min sauƙi.

Da damina ta sake gabatowa na yanke shawara. Na ce tunda dabarar Sa'a ce, bari in cire hannuna a ga yadda za ta tsaya. Na daina ɗaura zare, na daina zuwa musaya, na koma sayen buhu kamar da. A raina ina jiran abu ya watse, a zo a durƙusa a ce Yaya Dije dawo. Ba abin da ya watse. Kore da rawaya da shuɗi suka ci gaba da zuwa suna dawowa kamar ba a taɓa yin wata Dije ba. Wannan ya fi rediyon ciwo: na gina abin da kyau har ya daina bukatata. Gorunan da suka koma kwana a lambatu nawa ne kaɗai, marasa zare, jajaye da zoɓo. Masu saye ma suka fara tsallake ni, wai sun saba da gomarsu. Wata safiya Malam Idi ya leƙa lambatun, ya leƙo ni, ya ce:

"Hajiya, ki je ƙanwarki ta koya miki mana. Ai ba wuya."

Har yau ban ce na yi kuskure ba, kada wani ya karanta min haka. Na gwada ne, na ga amsa.

Ana cikin haka wata Juma'a da hantsi Sa'a ta yi sallama, da buhu a kanta. Ta sauke a gabana ta kwance. Tsofaffin gorunana ne masu jan zare, waɗanda suka ci gaba da dawowa hannun mata bayan na daina karɓa. Ta biya kowa gomarta, ta wanke su, ta tara min. Ta ce in karɓi kayana, sun cika mata ɗaki. Ganin jan zaren nan na mahaifinku a hannunta, abin da na haɗiye shekara guda ya taso. Na ce:

"Sa'a, ranar nan a ƙofar mai unguwa, ba ki san kara na yi miki ba?"

Na ɗauka za ta ce ba ta gane ba, ko ta ce bakinta ne ya suɓuce. Sai ta jawo kujera ta zauna, ta dube ni ido cikin ido ta ce:

"Na sani, Yaya."

"Kin sani kika riƙe?"

"Na riƙe. Yaya, tun da na yi wayo, me kika taɓa ba ni da sabuntarsa? Zanenki in ya koɗe, nawa ne. Takalminki in ya matse ki, nawa ne. Kular da na fara sana'a da ita, murfinta da igiya nake ɗaurewa. Duk Gumel ba wanda ya san sunana, ƙanwar Dije. Baban su Nafi da ya zo neman aurena, cewa ya yi yana son ƙanwar Dije. Na zo Maigatari, ƙanwar Dije. Ina da jikoki ana ce min ƙanwar Dije. Ranar nan kaɗai kika miƙo min abu sabo a gaban mutane. Na san so kike in mayar. Na duba, na ce wannan kam ba zan mayar ba."

Na ce ai abin ba nata ba ne. Ta ce:

"Ba nawa ba ne. Amma ke kika koya wa garin nan cewa abin da kake so ya dawo, ka sa masa alama kafin ka miƙa. Wannan ba ki sa ba."

Na ce to sai yaushe za ta faɗa wa mutane gaskiya? Ta miƙe tana kakkaɓe zane ta ce:

"In kin riga ni, a gidan makokinki zan tashi in faɗa, kowa ya ji."

"Ni kuma in ji a ina? In ke kika riga ni fa?"

"Sai ki faɗa da bakinki, Yaya. In kin iya."

Ta ɗauki buhunta ba komai a ciki ta tafi, daga zaure ta ɗago murya ta ce ƙanƙarar gobe tana nan.

Alhamis ɗin da ta biyo na koma ɗaura jan zarena, ina kuma zuwa musaya gidanta har yau. Muna gaisawa, muna cin abinci kwano ɗaya, ranar da ciwon ƙafa ya kwantar da ni ita ta yi jinyata. Kada ɗayanku ya karanta wannan ya je ya ɗaure wa Innarsa fuska, ba ku a ciki. Amma kada kuma ku ɗauka ya wuce. In baƙo ya shigo unguwa yana neman gidana, ina ji daga ciki ana yi masa kwatance: gidan yayar Mai Zare. Duk lokacin da na ji sai abin ya dawo min sabo, yau kamar jiya. Sau da yawa a taron biki ko suna in ji ana ba da labarin zaren, in buɗe baki zan ce ni ce, sai in ji kaina ina cewa Allah ya ƙara mata basira. Ta san ni, ta san ba zan iya ba. Shi ya sa na sa Habibu ya sayo min biro.

Abu ɗaya nake roƙonku. Ran da tawa ta zo, za a tura mai sanarwa masallaci, kuma na san mutanen garin nan, za su so su faɗa yadda kowa zai gane da sauri. Babbanku ya je da kansa ya tsaya a kansa. A ce Dije ce ta rasu, Dije mai zoɓo, 'yar mai shagon bakin tashar Gumel. Wanda bai gane ba ya tambaya. Kada a ce yayar kowa.